Kwana 1,214 da alamar walƙiya: ra'ayina a kan manhajar YouVersion

Shekara shida ke nan manhajar Littafi Mai Tsarki ta YouVersion tana cikin wayata. In wani ya tare ni bayan sujada ya ce, "Malama, in sauke ta?" amsata ita ce ya sauke tun bai kai gida ba. Kyauta ce, babu talla ko ɗaya da zai faɗo maka kana tsakiyar Zabura, kuma ba ta taɓa rufe mini wata sura ta ce sai na biya ba. Hukuncina ke nan a taƙaice, wanda yake sauri ya iya tsayawa a nan. Amma akwai wata 'yar alama a saman shafinta na farko, hoton walƙiya da lamba a gefensa. A kanta na zauna yin wannan rubutu, domin ta riƙe ni shekara uku da wata huɗu, ko kuwa in faɗi gaskiya, ni na riƙe ta.

Wata ikkilisiya ce mai suna Life.Church a jihar Oklahoma ta Amurka ta yi manhajar, wanda ya fara kawo shawarar kuwa sunansa Bobby Gruenewald. Da kamfanin Apple ya buɗe kasuwarsa ta manhajoji a watan Yulin 2008, tana cikin manhajoji 200 na kyauta da aka fara da su. Zuwa Nuwamban 2021 an sauke ta sau miliyan 500. Tana ɗauke da fassarori sama da 3,000 a harsuna sama da 2,000, Hausa tana ciki, kuma ba fassara ɗaya ba. Abin da na fi mora shi ne kwatanta fassara: ka danna aya, ka jera fassarori uku ko huɗu a kanta, sai kalmar da ta shige maka duhu a wannan ta fito fili a waccan. Ga mai koyar da yara a makarantar Lahadi irina, wannan kaɗai ya isa dalili. Ana iya sauke fassara a karanta ba tare da intanet ba. Ana iya ƙara girman rubutu, har mahaifiyata da idonta ya yi rauni tana iya bin layi da yatsa. Wasu fassarorin suna da murya, ka kunna kana wanki ana karanta maka. Wurin bincike ma yana aiki, in ka tuna kalma biyu daga cikin aya sau da yawa zai kai ka inda take.

Sai tsare-tsaren karatu, daga na kwana uku har na shekara guda. Littafi Mai Tsarki littattafai 66 ne, surori 1,189, wato mai karanta sura uku zuwa huɗu a rana zai sauke shi a shekara. Kafin manhajar nan na sha ɗaukar wannan alkawari a ranar 1 ga Janairu. Littafin Farawa yakan wuce lafiya, na Fitowa ma haka, amma da na shiga Littafin Firistoci, wajen dokokin hadayu da na kuturta, sai ƙafa ta yi nauyi, kafin ƙarshen Fabrairu na ajiye. Shekara nawa ina haka, ni kaina na daina ƙirgawa.

Alamar walƙiyar nan ce ta ƙetarar da ni Firistoci, ba zan ɓoye alherinta ba. Aikinta ɗaya ne: tana ƙirga kwanakin da ka shiga manhajar a jere ba fashi. Yau 1, gobe 2, ka tsallake rana a koma farko. Da na ga ta kai 30 sai na ji ba zan iya bari ta zube ba. Haka na ratsa Ƙidaya, na ratsa sassalar da ke farkon Tarihi ta Fari, na ratsa Ezekiyel da ma'aunan Haikalinsa, har na fito a Wahayin Yahaya ina da shekara 41, karo na farko a rayuwata. Ranar na durƙusa na gode wa Allah, kuma ina ganin godiyar ranar ta gaskiya ce.

Ban san ranar da abin ya juya ba. Girman kai ba ya sallama. Na dai tuna a kwana na 100 na ɗauki hoton fuskar wayar na tura zauren WhatsApp na masu koyarwa, na rubuta a ƙasa, "Dukan ɗaukaka ga Allah." Aka yi ta sa mini albarka. A kwana na 365 na sake, a na 500 na sake, a na 1,000 kuwa har da ayar da ta dace. Mata suka fara cewa, "Malama, ki sa mu a addu'a, ke kam kina kusa." Nakan ce, "Haba, ni wace ce?" amma zuciyata tana amsawa da cewa gaskiya suka faɗa.

A cikin shekara ta biyu na gano abin da ya kamata ya tashe ni daga barci: lambar ba ta san ko na karanta ba. Shiga take ƙirgawa. Ba ruwanta da ko na yi awa guda ina nazarin Romawa, ko na buɗe na rufe kafin hamma ta ƙare. Manhajar ba ta yi mini ƙarya ba, ba ta taɓa cewa tana auna tsarki ba, ni ce na ɗora mata wannan kaya. Daren da gajiya ta yi yawa, sha biyu saura minti goma, sai in lalubo wayar a ƙarƙashin matashi, in leƙa ayar ranar da ido ɗaya, in ga lambar ta ƙaru, in koma barci da kwanciyar rai kamar wadda ta biya bashi. In lamiri ya ɗan motsa sai in buɗe Zabura 117. Aya biyu ce kacal, babu surar da ta kai ta gajarta a dukan Littafin. A shekarun nan babu surar da na karanta kamarta, ba kuwa don ƙauna ba.

Akwai wanda ya fi wannan muni. Manhajar tana ba ka damar shafa wa aya launi, abokanka na ciki kuma suna ganin ayar da ka shafa. An yi shi ne don a ƙarfafa juna, kuma na san waɗanda yake yi musu wannan amfani. Ni kuwa sai na koma zaɓe. Yahaya 3:16 kowa ya san ta, shafa ta ba ya nuna komai. Sai in je Nahum, in je Habakuk, in je Zafaniya, in nemo aya in shafa mata shuɗi, don a san irin lungunan da nake shiga. Wata rana na shafa wata aya a Obadiya wadda in an tare ni bayan minti biyar ba zan iya faɗin abin da ta ce ba.

Ina da ƙane, autanmu. Ya daɗe da barin sujada, sha ya kama shi, aurensa ya mutu a kan haka. Ni na sauke masa manhajar da hannuna, na zaɓa masa tsarin karatu. Duk sa'ad da ya zo gaishe mu sai in ce ya miƙo wayar. Lambarsa ba ta taɓa wuce 4 ba. Yawanci 1 ce, wato a bakin ƙofarmu ya buɗe ta don ya san zan tambaya. Sai in ce, "Kwana bakwai ma ka kasa ba Allah?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, ina ƙoƙari." In juya masa tawa wayar ya gani. A lokacin na ɗauka gargaɗi nake yi irin na 'yar'uwa. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Ranar da lambar ta karye, mahaifiyarmu ce ta faɗi da tsakar dare. Maigidana ba ya gari. Wanda na kira shi ne ƙanen nan nawa, shi ya ɗauke ta a hannu ya sa a mota, muka yi asibiti. A rikicin fita na bar wayar a kan gado. Kwana biyu ban koma gida ba, ban ma tuna da ita ba, sai a rana ta uku da 'yata ta kawo mini kaya da wayar a ciki. A lokacin Mama ta farfaɗo, likita ya ce hatsarin ya wuce. Na sa caji, na buɗe, na ga 1 a inda 1,214 take.

Na shiga banɗaki na rufe na yi kuka, irin kukan da ban yi ba a daren da Mama take kwance ba ta san wanda ke kanta ba. Da na fito idona jawur, ƙanena ya taso a firgice ya riƙe hannuna, ya ce, "Yaya, me likita ya ce? Ki gaya mini, kada ki ɓoye mini." Me zan ce masa? Na ce babu komai, gajiya ce. Ya ce in je in kwanta shi zai kwana da ita. Da na leƙo wajen ƙarfe biyu na dare sai na same shi a gefen gadon, Mama ta riƙe wuyan hannunsa, yana karanta mata Zabura 121 daga wayarsa a hankali, yana tuntuɓe a kan kalmomi, in ya kai ƙarshe ta ce ya sake. Ban san sau nawa ya sake ba. Ban shiga ba.

Kada wani ya ce na mai da shi waliyyi. Har yau yana fama, wani watan ya tsaya, wani watan ya faɗi. Ba na cewa ya fi ni. Wannan lissafin wa ya fi wa shi ne ciwon tun farko.

Misalin Bafarisiye, wato Bayahude mai tsananin kiyaye Shari'ar Musa, da mai karɓar haraji, wanda ke Luka 18, na koya wa yara shi ya fi sau goma. Har wasan kwaikwayo muke yi, a sa wa yaro ɗaya babban mayafi ya yi ta hura hanci, yara su yi dariya. Bayan mun dawo daga asibiti na sake karanta shi, sai na lura da abin da mayafin da dariyar suka rufe mini: Bafarisiyen nan bai yi ƙarya ko ɗaya ba. Ya ce ba ya ƙwace, ba ya zalunci, ba ya zina, kuma Yesu bai ƙaryata shi ba. Ya ce yana azumi sau biyu a mako, alhali azumin da Shari'ar Musa ta wajabta na rana ɗaya ne a shekara, Ranar Kafara. Ya ce yana fitar da ushiri daga dukan abin da ya samu. Mutum ne mai himma, irin wanda kowace ikkilisiya za ta yi murnar samu, a ba shi ajin koyarwa. Addu'arsa ma da godiya ta fara, kamar rubutun da nake sa wa a ƙarƙashin hotunana. Ya zo gaban Allah da lambobi a hannu, biyu a mako, ɗaya cikin goma, sa'an nan ya waiwaya ya nemi wanda zai auna kansa da shi. Mai karɓar harajin kuwa, wanda mutanensa suke ƙyama don yana tara wa Romawa kuɗi yana kuma cusa nasa a ciki, ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga ido, yana bugun ƙirji yana roƙon jinƙai. Ba shi da lamba ko ɗaya da zai nuna. Shi Yesu ya ce ya koma gida baratacce. Luka ma ya faɗi waɗanda aka yi misalin dominsu tun a ayar da ta buɗe shi: masu amincewa da adalcin kansu, suna raina sauran mutane. Abu biyu ne a jere, kuma ban taɓa ganin na farko ya zo ba tare da ya jawo na biyu ba.

Abin da ya fi damuna ba kunyar ba ce. Tambaya ce: in lamba ta zube na yi irin wannan kuka, to a kan me na kafa darajata? Ashe ba a kan gicciye ba. A baki ina koyar da Afisawa 2, cewa ta wurin alheri aka cece mu, ba ta ayyuka ba, don kada kowa ya yi fahariya. A zuci kuwa ina da asusu, kullum ina zuba kwana ɗaya a ciki, ina jin Allah yana duba shi kafin ya saurare ni. Shi ya sa da na ga 1 na ji kamar an mai da ni bakin ƙofa, in sake shekara uku kafin in iso inda nake.

Manzo Bulus ya san wannan asusu, nasa ma ya fi nawa cika nesa ba kusa ba. A Filibiyawa 3, yana ɗaure ya jera shi: an yi masa kaciya a rana ta takwas, Ba'isra'ile ne, daga kabilar Biliyaminu, Ba'ibrane ɗan Ibraniyawa, Bafarisiye, mai himma har ya tsananta wa ikkilisiya, marar aibu wajen kiyaye Shari'a. Sai ya yi magana irin ta ɗan kasuwa, ya ce abin da dā yake riba a gare shi yanzu ya lasafta shi hasara saboda Almasihu, har ya kira shi shara. Yawancin abubuwan nan ba zunubi ba ne, wasunsu ma Allah ne ya umarta. Sun zama hasara ne a ranar da suka zama abin da yake tsayawa a kai. Karatuna na kwana 1,214 ba mugun abu ba ne, abin da na koya a ciki yana nan, lambar ba ta tafi da shi ba. Amma Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Tun ban buɗe manhajar ba ke nan, tun lambar ba ta kai 1 ba. An yanke farashina a ranar da ba ni da abin nunawa, kuma farashin ƙanena daidai yake da nawa, ko ƙwandala ba a rage ba. Na daɗe da sanin wannan a kai. Sai da lambar ta zube na gane ban taɓa son sa ba, domin ya ajiye ni a layi ɗaya da wanda nake karɓar wayarsa ina dubawa.

Wannan cuta ta girmi waya. John Wesley, tun yana Jami'ar Oxford, shi da ɗan'uwansa Charles da abokansu sun tsara rayuwarsu da ƙa'ida, azumi a ranakun Laraba da Juma'a, ziyarar fursunoni, karatu a kan lokaci, har ɗalibai suka laƙaba musu sunan ba'a wanda daga baya ya zama sunan ɗariƙar Metodis. Yana da littafin da yake rubuta yadda ya yi amfani da sa'o'insa a kowace rana. A 1735 ya tashi zuwa Jojiya a Amurka don aikin bishara, ya dawo Ingila ransa a jagule, ba shi da tabbacin ceton kansa. Sai a ranar 24 ga Mayu 1738, a wani taro a titin Aldersgate a Landan, ana karanta gabatarwar da Martin Luther ya rubuta wa wasiƙar Romawa, ya ji ya dogara ga Almasihu kaɗai. Abin da ya ba ni sha'awa, bai jefar da ƙa'idar ba bayan haka. Ya ci gaba da tashi da asuba, ya ci gaba da rubutunsa har tsufa. Ya dai daina hawa kanta.

Na so a ce labarin ya ƙare a nan, da ya yi daɗin faɗa a lokacin shaida. To, laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Bayan wata biyu wata 'yar'uwa ta turo hoton kwananta na 200 a zauren nan namu, da "Dukan ɗaukaka ga Allah" a ƙasa. Na yi murmushi na ce a raina, "Allah sarki, har yanzu tana wajen." Har na fara rubuta mata nasiha a kan Luka 18, da labarina a ciki, yadda Ubangiji ya karya ni ya koya mini tawali'u. Na kai rabi na tsaya. Ina gode wa Allah ke nan da ban zama kamar wannan Bafarisiya ba. Lambar 1 ta zama sabuwar lambar yabona. Na goge, na tura mata "Allah ya ƙara ƙarfi," kuma ban san zuciyarta ba, mai yiwuwa godiyarta irin tawa ce ta ranar da na gama Wahayi.

Saboda haka ba zan ce wa kowa ya guji alamar walƙiyar ba. Wanda yake maƙalewa a Firistoci kowace Fabrairu, za ta taimake shi kamar yadda ta taimake ni. Lambobin surori da na ayoyi ma ai ba da su aka rubuta Littafin ba. Stephen Langton ne ake danganta rabon surorin da shi a farkon ƙarni na 13, Robert Estienne kuma ya sa lambobin ayoyin Sabon Alkawari a bugunsa na 1551, duk don mai nema ya sami wuri da sauri. Ita ma wannan lambar a wannan matsayi na ajiye ta yanzu. Na kuma lura manhajar ta fi ni sauƙin hali: in ka yi fashi a tsarin karatu, akwai inda za ka danna ta gyara maka kwanakin ka ɗora daga inda ka tsaya, babu faɗa, babu gori. Shekara shida abin yana nan ban taɓa danna shi ba, don a ganina na ragwaye ne. Yanzu na danna shi ya fi sau biyar.

Na daina tura hoto. Ayar da na shafa wa launi yanzu, na shafa ta ne don zan dawo kanta, yawancinsu kuwa sanannu ne da kowane yaro a ajina ya haddace. In sha biyu ta gabato ban karanta ba, nakan bar wayar inda take, in karanta da safe ido biyu. Ba kullum nake cin nasara ba, daren jiya ma sai da hannuna ya kai ƙarƙashin matashi kafin na tuna.

Ƙanena ya zo ranar Asabar. Ya zauna, ya ciro wayarsa ya miƙo mini tun ban ce komai ba, don ya saba. Na ce ya mayar aljihu. Ya dube ni kamar bai ji da kyau ba. Can ya ce, "Yaya, ina wurin nan da uban ya hango yaron tun yana nesa? Na nema na rasa." Na ce Luka 15, ya fara daga aya ta 11. Ya ce in nuna masa yadda ake ƙara girman rubutun, Mama ce take so ya karanta mata, ita ma tana son ta bi da yatsa.